Furen Kabewar Huseina

Can bayan garin Lafia, a shekarun da jirgin ƙasa mai hayaƙi ke tsayawa ɗaukar buhunan riɗi, akwai wata tsohuwar ɗorawa mai kogo, ƙudan zuma cike da cikinta. Gonar kabewar Huseina na gindinta. Da sassafe, tun raɓa ba ta bushe ba, tsohuwa Huseina kan zauna bisa kunya ta lumshe ido. Kukan zumar nan kamar mata na niƙa a wani gari mai nisa, har sai ta ji gonar na tafiya da ita sannu-sannu kamar kwalekwale.

To, ran nan zuma ta harbi Nababa, mai unguwa, wanda shi ke raba gonaki. Sai ga shi da ido a kumbure, da damin busasshiyar ciyawa.

"Yau zan cinna musu wuta. Dama su ke tsotse fure, 'ya'ya su zube."

Huseina ta tare gabansa. Bara da aka ƙone zumar bakin rafi, gonar ƙanwarta fure kawai ta yi. Ita kuwa kabewar nan ce miyarta har rani.

"Ranka ya daɗe, ido ɗaya ya rage maka, bari ka ga wani abu da shi tukuna."

Ta yage tsohon ɗankwalinta. Ta nemo furanni masu ɗan ƙulli a gindi waɗanda ba su buɗe ba, ta ɗaure biyar, ta bar biyar.

"Waɗannan na ɓoye wa ɓarayin naka. Ka dawo Juma'a mai zuwa."

"Iya, fure ne har da lulluɓi?"

Ran Juma'a ya dawo, kumburi ya sace. Ta kwance ƙyallayen. Ƙullin nan biyar sun yanƙwane, ana taɓawa suka faɗo. Waɗanda aka bari kuwa sun kai dunƙulen hannu, kore shar. Suna tsugune wata zuma ta fito daga fure, jikinta buɗu-buɗu da gari rawaya, ta faɗa cikin wani.

"Ka gani? Saƙo take kaiwa daga wannan zuwa wancan."

Nababa ya bi zumar da kallo. Can ya zari ciyawa daga damin nan, ya ƙulla a jikin ɗorawar, alamar da kowa ya sani: ba mai taɓawa.

"Amma ki ja musu kunne, su daina nufar ido."

Huseina ta koma bisa kunyarta ta lumshe ido. Matan nan na nesa suna ta niƙansu.