Akwatin Injin Ban-Ruwa

Ni Gwadabe, tun ina saurayi nake noman rani a bakin dam ɗin Ƙaraye, ban taɓa neman izinin kowa kafin in ba tumatirina ruwa ba sai bana.

Wani kamfanin sarrafa tumatir ne ya zo mana Tudun Kaya da daɗin baki. Wai duk abin da muka noma za su saye, ba sauran ya ruɓe mana a kwando. Suka binne 'yan na'urori masu auna danshin ƙasa a cikin kunyoyi. Babu waya, ta iska suke aika saƙo ga wani akwati da aka liƙe a jikin injin ban-ruwa. In sun ce ƙasa ta bushe, akwati ya ta da inji. In ba su ce ba, ko birgima za ka yi inji ba zai motsa ba. Na yarda da bakina, har tutiya na yi a majalisa.

Tumatir na cikin fure rana ta gasa na'urorin suka mutu. Inji ya yi gum. Na kira Mujahid, injiniyan kamfanin.

"Baba, a yi haƙuri, sababbi na hanya daga Legas."

"To, in ɓalle akwatin in ta da injina?"

"Kul, Baba! Wanda ya taɓa shi an cire shi daga tsarin, ba za a sayi ko ƙwaya ɗaya ba."

Ka ji fa! Ga ruwa shimfiɗe ina kallonsa, ga ganye na lanƙwashewa. Muka shiga jido da bokiti ni da iyalina, amma ina bokiti ina gonar nan? Kafin mu kai tsakiya farkon ya bushe.

Na hau babur sai Rogo, wurin surukina Sulle, wanda wani kamfanin daban ya sa wa irin na'urorin. Muka gaisa a gurguje, ya tono nasa guda biyu ya miƙo mini.

"Yaya, je ka gwada, ai duk jirgi ɗaya ya kwaso su."

Na dawo na binne su, 'yar fitilarsu na ƙyaftawa lafiya lau. Akwati ko gezau. Na sake kiran Mujahid.

"Ai ba sa jin juna, Baba. Kowane kamfani da nasa tsarin. Ana ta maganar a yi tsari ɗaya da kowace na'ura za ta bi, amma namu ba su shiga ba tukuna."

"Tumatirin kuma ya jira ku gama shawara?"

Wallahi ban taɓa jin an ɗaure ni haka ba. In na bari, gona ta ƙone. In na taɓa, babu mai saye. Har ƙwalla na yi don takaici, da furfurata.

Da hantsi na ga fure na zuba ƙasa, na ɗauko guduma na yi bisimilla na fasa akwatin. Na haɗa wayoyin injin kai tsaye, inji ya tashi, ruwa ya kwararo cikin kunyoyi.

Ruwan bai kai ƙarshen kunyar farko ba wayata ta yi ƙara a aljihu. Saƙon kamfani ne, sun sami labarin an buɗe akwati, sun cire ni. Ashe ɗan banzan akwatin nan da ya ƙi sauraron na'urorin Sulle ya iya kai tsegumi. Na mayar da wayar aljihu, na ɗauki fartanya na bi ruwan ina buɗe masa hanya.