Keken da Ba Ya Jin Tsaya

Shekara talatin da ɗaya na yi ina walda a masana'antar kekuna ta Maigida Liao da ke garin Dajia, kafin idona ya fara kasa ganin bakin ƙarfe. Maigida bai sallame ni ba. Ya san na shiga makarantar manya ina da shekara hamsin da biyu, na fito da takardar shaida. Sai ya ce tunda yanzu na iya rubutu, kuma kowa ya san ba ni da surutu, in riƙa bin masu gwajin kekuna zuwa tudu ina rubuta abin da suka ce.

Yadda muke yi shi ne, in an ƙera sabon keke, a ɗora shi a mota a kai tudun Dadu, masu gwaji su yi ta hawa da sauka har rana ta yi tsaka. In mun dawo sai mu zauna a teburin shayin Maigida, shi da kansa yake birkito ƙananan kofunan da ke kife yana zuba wa kowa. Zai ce, "Yaya?" Kowa ya ce, "Ya yi kyau." A wannan teburin ba a kushe aikin kowa. Gaskiyar magana a rumfar mai taliya ake faɗinta, can gindin tudun, ni kuma in kwashe ta a littafina in mayar da ita rahoto. Takarda ce take faɗin abin da baki ba zai faɗa a gaban mutum ba, don kowa ya tashi da mutuncinsa.

Masu gwajinmu biyu ne. Akwai Yu-shan, wadda ta yi shekaru tana tseren keke kafin gwiwa ta sa ta bari. Akwai kuma A-Hiong, wanda a takarda nake rubuta shi Mista Kuo, abokina tun muna samari, shekararsa hamsin da tara, bakinsa kullum ja saboda goron da yake taunawa. Shi bai yi makaranta ba, amma in ya hau keke sau ɗaya zai faɗa maka inda mai walda ya yi sauri.

A farkon shekarar da abin ya faru Maigida ya tsayar da ni a bakin ƙofa.

"A-Tsai, abokin nan naka. Yanzu na'ura tana auna mana komai. In bana bai kawo mana abin da na'ura ba ta gani ba, zan bar shi ya huta. Kuma ka ja masa kunne, kar a maimaita irin na bara."

Bara A-Hiong ya karya ƙa'ida. A teburin shayi, gaban baƙi, ya ce wa surukin Maigida kekensa ya fi dacewa da dakon kabeji. Wata biyu ba a kira shi aiki ba.

Keken bana na lantarki ne, na hawan dutse, kuma 'yar Maigida ce ta zana shi, Pei-chun, wadda ta dawo daga karatun injiniya. Aikinta na farko ke nan. Ta ɓoye batirin a cikin gangar jikin keken har ba ka gane yana da inji, ta sa tayar gaba ta fi ta baya girma, ta maƙala ɗan allo mai nuna lambobi kamar yatsa a kusa da hannu. Abin da ta fi alfahari da shi kuwa, in ka daina taka feda, injin ba ya tsayawa nan take. Yana ƙara tura ka kaɗan, don ka haye saiwa ko dutse ba tare da ka buga feda ba.

Ranar gwaji an kwana ana ruwa, jar ƙasar tudun ta zama santsi. Na zauna a kan wani kututture kusa da ɗan ɗakin bautar da ke bakin hanya, ina ƙirga wucewarsu. A-Hiong ya zaga sau goma sha ɗaya. A da bai taɓa wuce biyar ba.

A rumfar mai taliya Yu-shan ce ta fara.

"Kawu Tsai, rubuta. Hawa kamar wani ne ya ɗauke ka a kafaɗa. Bai kai na bara nauyi ba, ba ya ƙara, birki ya yi. Allon nan dai in rana ta haska ba na ganin komai. Sirdin kuma wanda ya zaɓe shi bai taɓa zama a kansa ba."

"Turawar nan fa ta bayan feda?" na tambaye ta.

"Ita na fi so. Saiwoyin nan na wajen gora, ban ma san na wuce su ba."

A-Hiong ya tofar da goronsa a kofin takarda.

"Ke ai ba kya daina taka feda, ko a barci. Shi ya sa mijinki ya rame."

"Tsoho, kai dai ka ce numfashi ya ƙare maka."

"Numfashina ya fi batirin nan daɗewa." Ya juyo wurina, ya daina dariya. "A-Tsai, buɗe sabon shafi. Ka san kwanar nan ta sama, mai rami ta hagu, inda hanya ta naɗe kamar gwiwar hannu?"

Na ce na sani.

"Mai tsere yana shigarta yana takawa. Amma wanda zai sayi keken nan ba mai tsere ba ne, mai tumbi ne irin Maigida. In ya ga ramin zai tsorata, ya ɗauke ƙafa. Shi yana nufin tsaya, keken kuma ya tura shi taku ɗaya gaba. Taku ɗayan nan a can rami ne. Na gwada sau shida, sau shida ya nufi ramin da ni. Keke ne da ba ya jin tsaya. Ka rubuta cewa in 'yar Maigida ta sayar da shi haka, ta haɗa wa kowa da sandar guragu kyauta. Yarinya ta yi karatu, amma a kan tebur ta hau dutse."

Na rubuta duka, yadda ya faɗa. Har yanzu shafin yana nan, da ɗigon romo a gefensa.

Washegari da safe na zauna yin rahoto. Malamarmu ta makarantar manya ta koya mana cewa in za ka rubuta wa na gaba da kai, yabo ake sawa a gaba, gyara kuma ya zo a ƙarshe, a sigar roƙo. Ina ji da wannan darasin, don shi ne ya sa na ji na zama mutum a cikin masu ofis. Na dubi maganar sandar guragu, na tuna kabeji, na tuna abin da Maigida ya faɗa a bakin ƙofa. Na ce a raina, in wannan ta isa idonsa, a kan 'yarsa, A-Hiong ya gama.

Sai na cika shafi biyu da yabon Yu-shan. A ƙasa na sa: "Mista Kuo ya yaba da ƙarfin injin. Yana ganin in da hali, nan gaba, a ɗan ƙara duba yadda yake a wasu kwanoni."

Na karanta na ji daɗin yadda jimlar ta zauna.

Da rana Pei-chun ta same ni da takardar a hannu.

"Kawu Tsai, wannan ta Kawu Hiong, babba ce ko ƙarama? Jibi za mu rufe tsarin injin. In babba ce sai in dakatar."

Littafin yana cikin aljihun rigata, ina jin nauyinsa a ƙirji. Idonta ya yi ja saboda aiki, kuma ina hango ubanta ta gilashin ofis yana kallonmu.

"Kin san A-Hiong," na ce. "Ba ya rasa abin cewa."

Ta yi murmushi, ta gode mini, ta tafi.

A watan sha ɗaya masu saye suka zo daga Turai, kamar kowace shekara. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo mai jiki, ya ce yana so ya hau da kansa. Muka kai shi Dadu. A kwanar nan ta sama ya ga rami, ya ɗauke ƙafa, keken ya tura shi. Gora ce ta tare shi. Ya fito da ƙujewa a hannu da laka har kunne, yana ta cewa ba komai. Da yamma suka aiko cewa sun ɗage sayen sai an gyara.

Kashegari Maigida ya kira mu teburin shayi. Ya birkito kofi ya zuba wa Pei-chun, ya zuba wa Yu-shan, ya zuba mini. Kofin A-Hiong ya bar shi a kife.

"Sau nawa ka bi kwanar nan ranar gwaji?"

"Sha ɗaya, Maigida."

"Sha ɗaya. Baƙo ya bi ta sau ɗaya ya gano abin da ke ciki." Ya ɗaga rahotona. "Kai kuma ga abin da ka kawo mana: ka yaba da ƙarfin injin."

A-Hiong bai taɓa ganin rahoto ba, ko ya gani ba zai iya karantawa ba. Ya juyo ya dube ni. Ba dogon kallo ba ne. Yu-shan ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗora hannu a kan tebur a gabanta, ta fasa.

"Ƙafa ta tsufa, Maigida," ya ce. "Ba ta jin abin da take ji da."

Ya tashi ya sunkuyar da kai, ya fita. Mutumin da bai taɓa haɗiye magana don kowa ba, ya haɗiye ta don ni. Ni kuma ina zaune riƙe da kofi. Na gaya wa kaina cewa a wannan teburin ba a tona kowa. Gaskiya ne ba a yi, amma ba shi ne dalilina ba.

Kwana biyu na yi kafin na kai wa Pei-chun littafin. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa.

"A kan tebur ta hau dutse," ta maimaita a hankali. "Kawu, da ka ba ni wannan, yini ɗaya ya ishe ni in gyara. Layi kaɗan ne a kwamfuta."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta shiga wurin ubanta da littafin. Maigida bai ce mini komai ba, har yau. Ya dai ba ni gwangwanin ganyen shayi mai tsada, ya ce in kai wa A-Hiong, in faɗa masa wurinsa yana nan.

Na same shi a gonar 'ya'yan itacen ƙaninsa, yana kan tsani yana sassabe rassa. Tsohon kekensa na ƙarfe, wanda ni na yi masa walda, yana jingine da bishiya.

"Malam mai alƙalami," ya ce. "Ka zo rubuta ra'ayin bishiyoyi?"

Na ajiye gwangwanin, na faɗa masa saƙon. Ya sauko, ya zauna a kan kwandon da ya kife, ya fito da goro.

"Karanta mini abin da ka rubuta. Na rahoton, ba na littafin ba."

Na karanta masa. Ya saurara yana tauna, kansa a karkace.

"Mutumin kirki ne wannan Mista Kuo. Wane ne shi? Ka haɗa ni da shi in ba shi 'yata."

Na kasa dariya. Na ce na ji tsoron a kore shi ne.

"Na sani. Da ban sani ba da tuni ka sha tsanin nan." Ya juya gwangwanin a hannunsa. "Shekara nawa ina magana kana ji, A-Tsai? Da a ce ba ka iya rubutu ba, da abin da na faɗa shi za ka kai. Ni bakin nan kaɗai nake da shi. Da an kore ni a kansa, da na tafi ina taƙama."

"Ka dawo mana. Yarinyar ma tana nemanka."

"In dawo in ce me? Na faɗa a gaban Maigida cewa ƙafata ta mutu. In na koma, sai kowa a masana'anta ya tambayi wanda ya yi ƙarya, ni ko kai. Kai kana da sauran shekara uku ka yi ritaya. Bar shi yadda yake." Ya miƙo mini gwangwanin, sai kuma ya fasa. "A'a, shayin zan sha. Ka gaya wa yarinyar ta sa injin ya gane in kan keke ya karkata. A miƙe ya tura, a kwana ya saki. Kuma ta canja sirdin nan, Yu-shan ta yi gaskiya."

Na buɗe littafi na rubuta, kalma bayan kalma. Ya leƙo yana kallon alƙalamin kamar zai gane.

Haka Pei-chun ta yi. Keken ya fita a bazarar da ta biyo baya, ana sayensa, babu sunan A-Hiong ko'ina a jikinsa.

An ɗauki wani sabon mai gwaji a wurinsa, mutum mai ladabi. A rumfar mai taliya yakan duba wayarsa ya karanto mini lambobi, in na ce yaya ya ji keken, ya ce lafiya lau. Yanzu duk abin da aka faɗa haka nake kai shi, har da zagi in akwai. Sai dai ba a cika faɗin komai ba. Mai taliya har yanzu takan ajiye kofin takarda na tofar da goro a gefen da A-Hiong yake zama, sai in ta tuna ta dawo ta ɗauke.