Wa'adin Gadon Jariri

Auta yana zaune a kan bencin da ba a gama gogewa ba, yana bin farashin da suka bai wa masu tambaya a kasuwar intanet, yana sa wa kowanne wa'adin mako guda. Umarnin Baba ne. Katako kullum tashi yake yi, kuma an sha zuwar musu da tsohon farashi ana cewa ai alkawari ne.

Da ya iso kan na ƙarshe, sai yatsansa ya tsaya.

Gadon jariri aka tambaya. Hoton mai tambayar kuwa na Yaya ne, wanda ya fice daga shagon nan shekarun baya, ranar da suka yi sa-in-sa da Baba, ya sauya gari, ya sauya lamba. Ko gaisuwa bai yi ba. "Nawa ne wannan?" kawai ya rubuta, kamar baƙo. Auta ya ba shi farashi, shi ma kamar baƙo, daga nan shiru. Ƙa'idar kasuwar kuwa, da zarar wa'adi ya cika sai a rufe hirar, mai tambaya ya ɓace. Ta wannan 'yar kafa kaɗai ake iya samun Yaya.

"Mai difloma, ka gama, ko sai an ɗauko maka mataimaki?" in ji Baba, yana kakkaɓe garin katako daga gemunsa.

"Saura ɗaya, Baba."

"Shi ɗin ɗan gwal ne? Kowa mako guda."

Auta ya miƙe, ya miƙa masa wayar da hannu biyu. Baba ya nisanta ta da idonsa, ya matso da ita, ya sake nisantawa. Ya daɗe yana kallo.

"Ya yi ƙiba," ya ce. Can kuma ya ce, "Gadon jariri?"

"E, Baba."

"Innarku ta sani?"

"Ban faɗa mata ba. Ina tsoron a rufe, ta sa rai a banza."

Baba ya mayar masa da wayar, ya koma kan teburin aiki, ya ɗauki zarto ya ajiye.

"Kada ka rage masa ko kwabo. Tunda baƙo ya zama, a yi masa kuɗin baƙo." Ya yi gyaran murya. "Wa'adin nan naku, iyakarsa nawa?"

"Wata uku."

"In ya cika fa?"

"Sai dai a sabunta kafin ya cika."

"To, me kake jira? Aikinka ke nan."

Auta ya danna wata uku. Da ya ɗago, sai ya ga Baba ya hau tsani yana sauko da busasshen katakon nan da ya hana kowa taɓawa.

"Baba, ai bai ce ya saya ba."

"Na tambaye ka? Miƙo min abin awo. Jariri ba ya jiran ciniki."