Kuɓewar Ya Gumsu

Sati uku Alhaji Ba'ana, mahauci a Kasuwar Shanu, ya yi yana yawo da sunan Jude a baki. Wai ɗan unguwar Lamisulan nan mai haɗa sola ya sa masa faranti na bogi, firizarsa ta gida ba ta kai la'asar sai ta mutu, nama ya yi wari. Alhaji kuwa in ya buɗe murya har shanu sai sun waiwayo. Mutum biyu da suka yi wa Jude alkawarin aiki suka janye.

Abin ya yi wa Jude ciwo, don ba shi da wani jari sai sunansa. Ya san aikin da ya yi: ya kafa farantan a tsakar gida a kan ƙarfe, suna kallon kudu, ya ɗan karkata su yadda rana za ta same su sosai, ruwan sama kuma ya wanke ƙura. Ya ɗauki na'urar awonsa ya tafi gidan Alhaji a unguwar Abbaganaram.

Da aka yi masa iso, sai ya tarar an cusa bulo biyu a ƙarƙashin ƙafafun gaba, farantan sun kwanta shimfiɗe kamar tebur. A kansu kuma yankakkiyar kuɓewa ce shanye, babu ko masaka tsinke.

Ya Gumsu, mahaifiyar Alhaji, tana zaune a gefe tana korar kaji.

"Kai ne mai abin nan? Allah ya yi albarka, ɗana. Kwana ɗaya take bushewa. Amma ka kafa shi a karkace, kuɓewa sai gangarowa take yi. Ni na gyara."

Jude ya dubi Alhaji. "Alhaji, ka yi wa Mama bayani."

Mai muryar nan ya sunkuyar da kai yana gyaran hula. "Sannu da aiki, Ya," kawai ya iya cewa.

A zaure ya riƙo hannun Jude. "Injiniya, maganar nan ta tsaya tsakaninmu."

"Tawa maganar fa, a kasuwa ka yi ta."

Washegari Alhaji ya shaida wa mahauta cewa yaron ya gane kuskurensa, shi kuma ya yafe masa.

Jude ya koma bakin aikinsa. Ƙullin busasshiyar kuɓewar da Ya Gumsu ta ba shi tukuici ya rataye a ƙofar shagonsa, daidai goshin mai shigowa. Har yau babu wanda ya shiga bai tambaya ba, Jude kuwa ba ya rowar amsa.