Azarar Zauren Muntaka

Shekara huɗu da zuwan Nasara, damina ta yi ƙarfi a Buji har rufin zauren Muntaka Ɗanmusa ya lotsa. Mahaifinsa ne ya gina zauren, kuma duk unguwar babu mai azara mai kauri irin tasa. Da aka gama girbi, sai Muntaka ya aika Dutse a kira Malam Jaji, maginin da ya gina wa Bature bariki a bakin hanya.

Malam Jaji ya zo a kan jakinsa, dattijo ne marar yawan magana. Ya zagaya zauren sau biyu, sannan ya ɗauki sanda ya dinga ƙwanƙwasa azarar ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne.

"Malam Muntaka, in za ka bar mini aikin, ka bar mini shi duka," in ji shi. "Ƙasa, tubali, ma'aikata, har makubar da za a shafe saman kada ruwa ya ratsa. Azarar nan kuma sai na sauke ta na ware."

Kalmar warewar nan ce ta tsaya wa Muntaka a rai. Ya ji ana faɗa a kasuwa cewa za a ƙara wa barikin ɗakuna, kuma ana neman azara ido rufe. Ya yi wa dattijon godiya, ya ce zai yi shawara.

Da ya shiga cikin gida ya gaya wa matarsa Lauratu. "Kin ga yadda yake shafa itacen? Wallahi so yake ya zaɓe masu kyau ya kai wa Bature, ya rufa mini da tarkace."

"Malam, ka taɓa gina soro?"

"Na ga ana ginawa."

Ya kira gayya. Ranar farko mutane suka cika ƙofar gida, aka sauke tsohon rufin, aka haƙo ƙasa a kududdufi, aka kwaɓa da ciyawa, Lauratu ta dama kunu tukunya biyu. Amma kowa da ra'ayinsa. Wani ya ce a bar ƙasar ta kwana bakwai ta ruɓe, wani ya ce uku sun isa. Muntaka ya zaɓi uku. Masu yin tubali suka zo kwana biyu, a na uku ba a gan su ba. Aka ce sun tafi wani aiki a Miga. Muntaka bai yarda ba. Ya tabbatar a ransa Malam Jaji ne ya janye su don aikin ya gagare shi.

Ranar kasuwa sai ga dattijon zai wuce. Ya tsayar da jaki ya daɗe yana kallon katangar da aka ƙara wa tsawo.

"Sahu nawa kuke ɗorawa a yini?"

"Huɗu," in ji Muntaka, fuska ba walwala.

"Biyu sun isa, ka bar su su sha rana. Kuma kada ka mayar da azarar da ke kusurwar gabas."

Yana tafiya Muntaka ya juya wurin maƙwabcinsa Uwaisu, wanda tun farko yake taya shi aikin. "Ka ji ko? Ta gabas ɗin ita ce mafi kauri. Ita yake hari."

Da ita suka fara ranar ɗora rufi. Uwaisu yana ƙasa ya tallafe ta da kafaɗa, mutum biyu suna ja daga saman katanga. Sai aka ji ƙas, azarar ta karye gida biyu, gari mai laushi ya zubo daga cikinta. Gara ta cinye cikin kaf, bayan kawai ya rage. Rabin ya sauko wa Uwaisu a kafaɗar dama, katangar da ba ta gama bushewa ba ta tsage tun daga sama har ƙugu.

Bayan an kai Uwaisu wurin maɗori, Muntaka ya dawo ya ɗauki sanda ya ƙwanƙwasa ragowar azarar. Wasu suka amsa da ƙarfi, wasu kamar ƙwarya.

Washegari da sassafe ya kama hanyar Dutse a ƙafa, ya roƙi dattijon ya karɓi aikin. Malam Jaji bai yi masa gori ba. Ya tambayi jikin Uwaisu, sannan ya ce za a rushe sahu shida a sake.

Duk da haka zuciyar Muntaka ba ta kwanta ba. Kafin magina su iso, ya bi azara mai kyau ya yi wa kowace tsaga da wuƙa a gindi, don ya gane in an musanya. Kullum yana zaune a gindin kuka yana leƙen masu shiga da fita. Rannan Malam Jaji ya ɗago daga kan katanga ya ce, "Malam Muntaka, matso da tabarmar nan kusa, daga can ba za ka gani sosai ba." Ma'aikata suka yi dariya. Muntaka ya ji kunya, amma ya matso.

An gama zauren saura wata guda ruwa ya sauka. Bayan an cike gurbin waɗanda gara ta ci da sabbi, azara biyu masu kyau suka yi ragowa, Malam Jaji ya tambaya ko za a bar masa su. Muntaka ya ce yana da bukatarsu, ya sa aka shigar da su ɗakinsa. Bai taɓa sanin abin da dattijon zai yi da su ba.

Kafaɗar Uwaisu kuwa ba ta koma daidai ba a wannan shekarar. Da ruwa ya sauka, Muntaka ya ɗauki fartanya ya fara da gonar Uwaisu, sai da ya gama nome ta sannan ya shiga tasa.