Ranar da Ishbel Ta Rufe wa Sajan Baki

Tun da aka sa wa Ishbel ƙarfe a ƙugu, mijinta Murdo ya kulle kabad ɗin da take jera kwarkwaronta na naɗe zaren fatsa. Likita ya ce ta riƙa ɗan tattaki kullum a kan hanya mai kyau, amma kada ta kusanci duwatsun bakin kogi sai kaka ta wuce. Kaka kuwa ita ce lokacin da manyan kifayen salmon ke hawowa Kogin Garvie daga teku, kuma tun Ishbel tana budurwa ba ta taɓa yin kaka a ɗaka ba.

'Yarsu Kirsteen ta san halin uwarta, don haka kafin ta koma birni ta kafa doka a gaban kowa.

"Baba, duk ranar da ta sauka kogi, ka bugo mini waya. In zo in ɗauke ta, ta ƙarasa jinyar a wurina a Glasgow."

Murdo ya ce ya ji, ya kuma ɗauki alkawari. Ishbel ta san gidan Kirsteen: can ƙololuwar bene, taga tana kallon tashar bas, ruwan da ake gani sai na famfo. Ta kuma san mijinta. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana raba wasiƙu a ƙauyukan kwarin, ko ƙanƙara ta rufe hanya sai ya kai. In ya ce zai yi abu, to an gama.

Sai ta koma kallon kayanta ta gilashin kabad. Tsofaffi ne duka, wasu ta saye su a gwanjon kayan mamata, wasu an ba ta. Babu mai birki irin na zamani a cikinsu. Abin da ke riƙe zare ɗan harshen ƙarfe ne da sifirin ke dannawa a kan haƙoran faifai, shi ne ke ƙara in kifi ya ja. Kowanne da muryarsa. Akwai mai gurnani kamar kyanwa ta ƙoshi, akwai mai tari, akwai wani siriri da Murdo ke cewa matar fasto ce ke gulma.

Guda ɗaya ne bai shiga kabad ba. Ranar da aka kulle, yana bukkar Lachie mai gadin kogi, ana canza masa sifirin. Shi ne na mahaifinta, babba, baƙi, mai nauyi, wanda duk kwarin ke kira Sajan. In Sajan ya buɗe baki, tumakin da ke kan tudu sai sun ɗago kai. Gidan su Ishbel kuwa gona ɗaya ce ta raba shi da kogi.

Ranar Laraba aka kwana ana ruwa, da safe rana ta fito, kogi ya ɗauki launin shayi mai ƙarfi. Ishbel ta tsaya a taga har shayinta ya huce.

"Zan je tattaki," ta ce.

Murdo yana ƙofar baya yana sa takalmin lambu. "Ta wace hanya?"

"Ta hanyar da ƙafata ta ga dama. Kai ɗan sanda ne?"

"Ki ɗauki kwagirinki dai, tsohuwa."

Ta bi titi har kwanar coci, ta waiwaya, sannan ta saki titin ta bi turbar tumaki. Lachie yana zaune a ƙofar bukkarsa yana ɗaura ƙudan gashin tsuntsu a ƙugiya, irin na yaudarar kifi. Da ya hango ta sai ya rufe ido da tafin hannu.

"Ban gan ki ba. Ki koma inda kika fito."

"Ba ni kayana."

"Ishbel, Murdo zai kashe ni, Kirsteen ta binne ni. Kuma ma ina amfani? Kina jan zare sau ɗaya, yana lambu zai ji. Wannan abin ko kurma ya san shi."

"Miƙo mini shi, ka ga aikin manya."

Ta zauna a kan akwatinsa, ta danna sakata, ta zare faifan. Ga harshen nan zaune a kan sabon sifirin, yana sheƙi. Ta sa farce ta ture shi gefe, ta mayar da faifan, ta juya mariƙi. Shiru. Faifan ya yi ta juyawa shi kaɗai kamar tayar keke da aka ɗaga sama.

Lachie ya girgiza kai. "Kin cire wa kare haƙora kin ce ya yi gadi. In kifi ya ja, me zai tsayar da shi?"

"Wannan." Ta ɗaga ɗan yatsanta. "Ina kama kifi tun kana tsotson hannu."

"Wata uku kika girme ni."

"To, ai na girme ka."

Ya ara mata sandar fatsa, ya ɗauki homa, ya bi ta yana gunaguni har Gurbin Fasto. Ba ta shiga ruwa ba, wannan kam ta yi wa kanta alkawari. Ta tsaya a kan wani faffaɗan dutse, ta fara jifa.

Abin bai yi mata daɗi yadda ta zata ba. Duk janyo zaren da za ta yi, sai faifan ya zarce ya amayo fiye da abin da ta nema, dole ta tsaya ta gyara. Ga shirun. Ta saba hannu na aiki kunne na ji, yau sai ka ce tana cin abinci da mura, baki na motsi, babu ɗanɗano. Duk da haka ga kogi, ga iska mai ƙamshin ganyen da ya jiƙa, ga zare yana miƙewa a kan ruwa. Ta manta da ƙugu, ta manta da Glasgow. Rana ta ɗaga sosai ba ta sani ba.

Can sai zaren ya tsaya, ya yi nauyi. Ta ɗaga sanda. Wani abu daga ƙasa ya girgiza kai sau biyu, a hankali, irin na wanda ba ya gaggawa. Sannan ya tafi.

Faifan ya ɗauki gudu babu ko ƙis. Ta kai yatsa, sanyi ya riga ya kashe shi, ta danna da ƙarfi fiye da kima, ta saki, faifan ya wuce zaren da gudu. Kafin ta ƙifta ido zare ya cukurkuɗe ya kumburo ta ko'ina kamar gashin mahaukaciya.

"Na faɗa miki!" in ji Lachie.

"Rufe mini baki, ka riƙe sandar nan!"

Sa'arta ɗaya, kifin ya kai tsakiyar gurbi ya kwanta a ƙasa yana fushi, kamar yadda manya kan yi. Lachie ya riƙe sanda, ita kuma ta shiga warware zare. Ta warware. Ta san ba zai daɗe a kwance ba, kuma in ya sake tashi faifan babu harshe, zaren zai ƙulle ya tsinke.

"Ya kai nawa, a ganinka?" ta tambaya.

"Na ga wutsiyarsa. Ban ga irinsa ba bana."

Ishbel ta dubi tudu. Ana hango hayaƙin gidanta a bayan itatuwa. Ta tuna tagar nan mai kallon tashar bas. Ta dubi zaren da ya nutse cikin baƙin ruwa yana ɗan rawa.

"Kai, Glasgow ma ai mutane ne a cikinta," ta ce.

Ta danna sakata, ta ɗan zaro faifan, ta tura harshen ya faɗa mazauninsa, ta mayar. Ta karɓi sandarta. Kamar jira yake, kifin ya tashi ya nufi ƙasan kogi, Sajan ya kece da ihu. Hankaki suka watse daga kan itatuwa. Wani kare ya amsa daga hayi. Ishbel ta ji ƙarar har cikin haƙoranta, ta kama dariya ita kaɗai.

Dariyar ba ta daɗe ba. Kifin ya fice daga gurbi ya shiga gangara, zare yana ƙarewa, kuma bin sa sai an taka duwatsu masu santsi. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ƙugun ya ce mata a'a. Lachie kuwa ya riga ya yi gaba da homa.

Sai ga mutum ya ɓullo daga cikin duhuwar da ke ƙasa da su, ba ta hanyar gida ba. Murdo ne, babu hula, wandonsa jiƙe sharkaf har cinya, yana haki. Ya tsaya ya dube ta daga sama har ƙasa.

"Ka yi faɗan daga baya," ta ce, ta cusa masa sanda. "Bi shi! Ɗaga kan sandar sama!"

Tun aurensu Murdo bai taɓa riƙe sandar fatsa ba. Ya ce shi kifi a faranti ya san shi. Amma ya karɓa, ya bi gaɓa yana tuntuɓe, Ishbel na binsa da baki.

"Kada ka taɓa mariƙin in yana gudu! Murdo, cire hannunka!"

Bai cire ba. Mariƙin da ke juyawa ya ƙwanƙwashe masa gaɓoɓin yatsu, ƙas-ƙas-ƙas. Murdo, dattijon coci, ya faɗi wata kalma da Lachie ya rantse bai san ya iya ta ba.

"Yanzu naɗa! Naɗa, tsoho, ba niƙan kofi kake ba!"

"Ki zo ki karɓa mana, tunda kin iya!"

Haka aka yi ta yi, kifi ya ja Sajan ya yi ihu, Murdo ya naɗa Sajan ya yi ƙorafi, har kifin ya gaji ya juyo da cikinsa. Lachie ya zura homa. Namiji ne, mai lanƙwasasshen haɓa, jikinsa ya fara ja irin na kaka. Ishbel ta lallaɓo da kwagiri ta tsaya a kansa, ta daɗe tana kallo. Ba a kashe irinsa a wannan kogin, don haka Lachie ya zare ƙugiyar, ya riƙe shi a ruwa yana fuskantar igiyar ruwa har ƙarfinsa ya dawo, ya buga wutsiya ya fesa musu ruwa, ya tafi.

Murdo ya zauna a kan ciyawa yana tsotsar yatsunsa.

"Ya aka yi ka jiƙe tun kafin ka zo?" Ishbel ta tambaya.

"Na gan ki ta tagar sama lokacin da kika saki titi."

"Ka gan ni, ka ƙyale ni?"

"Na ce bari ta ɗan sha iska. Na san Sajan yana wurin wannan munafukin." Ya nuna Lachie da haɓa. "Na koma lambu na kasa kunne. Kullum haka nake yi, ai. Kina jan zare ina ji, na san kina tsaye da ƙafafunki, na san ma gurbin da kike. Yau na jira, shiru. Na ƙara jira, shiru. Sai na gangaro ta ƙasa, inda ruwa ke kai abin da ya ɗauka, ina dubawa a tsakanin duwatsu."

Lachie ya sami wani abu mai muhimmanci a cikin homarsa ya shiga dubawa.

"Ban san kana saurare ba," Ishbel ta ce a hankali.

"Me kike tsammani ya sa na dasa dankali a wancan gefen? Ƙasar wajen ba ta da kyau."

Ya laluba aljihun rigarsa ya ciro waya. Ishbel ta dubi wayar.

"Murdo."

"Na yi alkawari."

Ya danna, ya kara a kunne, yana kallon kogi.

"Kirsteen? Ni ne. Uwarki ta sauka kogi. Eh, yau. Lafiyarta ƙalau, ga ta nan tana harara ta." Ya saurara. "A'a, tsaya. Na ce zan bugo, na bugo. Amma ban ce zan ba ki ita ba. Kada ki ɓata man motarki." Ya nisanta wayar daga kunnensa na ɗan lokaci, ya dawo da ita. "Daga gobe a zaune za ta yi, a kan kujera, a kan ciyawa, Lachie na gefenta. In kifi ya gudu ni zan bi shi. Eh, ni. Na kama ɗaya yau. Me ye abin dariya?"

Da ya kashe wayar, ya juyo ya nuna Sajan da yatsansa da ya kumbura.

"Wannan kuma, kika sake rufe masa baki, da kaina zan kai ki tasha."

"Na ji."

"Ban ji ba."

"Na ce na ji, kurma!"

Ya miƙe, ya ba ta hannu, suka kama turbar tumaki a hankali, takalmansa na fitar da ruwa a kowane taku. Sun kusa kwanar coci ta ce, "Ni na kama shi, ka sani. Kai rakiya ka yi masa."

"Wa ya kawo shi gaɓa?"

"Lachie."

Suka wuce coci. Sannan Murdo ya ce, "Wannan ƙudan da ya ci, mai ja ne ko mai baƙi?"