Marar Tuwon Baturiya

Mati mai zubin tukwanen alminiyum a Maraɗi mutum ne mai taurin kai. In ya ce a'a, ko liman sai dai ya haƙura. Shekara talatin yana danna yashi a akwati yana zuba narkakken ƙarfe, amma abu ɗaya ya gagare shi: marar da marigayiya matarsa Baturiya take kwashe tuwo da ita.

Guntuwar ƙwarya ce kawai, wadda ta zo da ita daga gidansu na Jiratawa. Gefenta ya lotsa daidai inda babban yatsan Baturiya yake zama. Yanzu ƙwari sun shige ta, ko ɗagawa aka yi sai gari ya zubo. Mati ya so ya zuba irinta da ƙarfe, amma ya san in ya danna ta cikin yashi, rugurgujewa za ta yi.

Ran nan 'yarsa Zuliha, wadda ke aiki a wata masana'antar fenti, ta sauko daga kabu-kabu riƙe da jarka. Abin da ke ciki fari ne kamar tsinkakken nono.

"Mi ne ne wannan kuma?" in ji Mati.

"Yashi ne, Baba. Silika. Narkar da shi akan yi da soda, sannan a hidda sodar. Ƙwayoyinshi sun yi ƙanƙanta har ba su kwantawa ƙasan ruwa. In ya bushe sai su kama juna, kuma wuta ba ta cin shi."

Mati dai sai ya nuna shi ne gwani. Ya ɗebi kofi guda, ya barbaɗa gishiri kamar yadda yake yi wa yumɓu. Kafin ya gama cika baki abin ya daskare.

"Ka gani ko? In ya kama ba ya komawa," in ji Zuliha tana dariya. "Bar mani aikina."

Ta tsoma marar a hankali cikin sauran farin ruwan, ta yayyafa mata lallausan yashi, ta shanya a inuwa. Sau bakwai tana haka, har ɓawo mai kauri ya rufe ta, sai 'yar ƙofar zubi.

"Saura wuta, Baba. Sai ƙwaryar ta ƙone sannan ƙarfe ya samu wurin shiga."

Mati ya san haka tun farko, amma sani daban, iyawa daban. Kwana uku yana zagaya ɓawon nan, tsoro ya cika shi: in zubin ya ɓaci, ba mara, ba kamarta. Zuliha ba ta matsa masa ba. Ran na huɗu ya yi bisimilla, ya hura wutar da hannunsa. Da hayaƙin ƙwaryar ya fito, ya kau da kai. Ya busa tokar, ya zuba ƙarfe.

Da ya huce, ya fasa ɓawon. Ga marar nan, har tsagar da Baturiya ta ɗinke da zare ta fito. Ya ɗora yatsansa a lotsawar. Ya yi mata girma. Ya miƙa wa Zuliha. Nata ya zauna daram.

Mati ya daɗe yana kallon hannun Zuliha, hawaye na bin gemunsa, bai ko share ba.

"Ashe ba sai na ƙona ta ba," ya ce. "Hannun uwarki yana nan gida."